Hannuwan Azumi Ungozoma

Lokacin da Habi take takabar mijinta, rijiyar unguwarsu a Sabon Birni ta riga ta koma laka. Sai an tafi can bakin gulbi, inda aka tona ramuka cikin yashi, a zauna ana jiran ruwa ya tsattsafo a kwasa da ƙoƙo. Mai takaba ba ta fita, ɗanta Halliru kuma ya tafi cin rani, ita kuwa ba ta iya buɗe baki ta roƙi maƙwabta abin da su ma ba su da shi. Azumi ungozoma ce ta leƙa randarta ranar da ta zo gaisuwa, ta ga ƙasanta a bushe. Daga ranar, duk safiya in ta dawo daga gulbi sai ta ratso gidan, ta juye rabin tulunta a randar, ta ce wuyanta ne ya gaji tana rage nauyi, ta wuce. Haka ta yi har Habi ta fita takaba, ba ta taɓa tsayawa an yi mata godiya ba.

Azumi 'yar Kamarawa ce, aure ya kawo ta Sabon Birni, miji ya mutu ya bar ta da sana'ar da ta gada wajen kakarta. Doguwa ce, baƙa, da tsagar Gobirci har gefen kunne, muryarta kuma tana tsallake katanga biyu. Rabin samarin unguwar ita ta yanke musu cibi. Hannunta aka sani: babba ne, mai ɗumi, jaririn da ya ƙi kowa in ta ɗora masa tafi a baya sai ya yi shiru. Da hannun take ci. In an yi suna a ba ta hatsi da sabulu da rabonta na rago, ba ta neman komai wajen kowa.

Sai farin 1984 ya zo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, Fulani suka kora abin da ya rage musu suka yi kudu, ragon suna ya gagari mutane. Ana haihuwa, amma ba abin da za a ba ungozoma sai addu'a. Da aka fara kawo hatsin agaji ana sauke shi a wani tsohon sito bayan kasuwa, aka ce ana neman mata masu bakace, za a riƙa ba su tiya guda a yini, Azumi ta ɗauki faifanta ta tafi.

Siton ba shi da taga sai wasu 'yan ramuka can sama kusa da kwano. Mai kula da shi, Malam Kassimu, yakan tura ƙofa ya rufe su ciki, don kada masu yunwa su ga hatsi a fili su yi masa cincirindo. Azumi ta gaya wa Habi tun kwanakin farko cewa masarar nan ba ta da lafiya. Buhunan da ke can ƙasa da ɗumi suke, kamar akwai wuta a ciki, in aka farke sai ka ga ƙwayar ta dunƙule, ta yi kore da baƙi, wani gari yana tashi daga cikinta mai warin tsohon tsumma. Shi suke sheƙa yini guda a rufe, shi suke shaƙa, shi ke kwanciya musu a wuya da damtse cikin gumi.

Ba a yi wata ba ƙaiƙayi ya fara mata tsakanin yatsu. Daga nan ƙuraje suka bi wuyan hannu suka hau har gwiwar hannu, suka fito a wuya da fatar ido. In ta sosa su tashi rudu-rudu kamar borin jini, su yi ruwa, su bushe, fatar ta tsage. Ga atishawa ba iyaka, ƙirjinta kuma yana ƙugi in ta yi sauri. Sauran matan su ma sun yi tari da jan ido, amma babu wadda jikinta ya yi abin da na Azumi ya yi, wannan kuwa shi ya cuce ta. Mutane suka ce in da sito ne ai da duk sun kamu.

Ta tari Malam Kassimu ta ce funfunar hatsin nan ce ke cin ta, ya bar su su riƙa fitar da shi rana suna bakace a iska. Ya yi dariya. Ya ce shekara guda sama ba ta zubo abin da zai jiƙa hula ba, ina aka ga funfuna cikin fari? Duk wanda aka gaya wa ma abin da yake cewa ke nan. A wajensu funfuna abin damina ce, abin tuwon da ya kwana uku, ba abin shekarar da kwaɗi ma suka ɓace ba.

Azumi ba ta bari ba. Ranar da wata mota ta zo sauke kaya ta ga direban Bayarabe ne, ta tafi ta tsaya masa a gaba, tunda tsakanin Bagobiri da Bayarabe ba a jin nauyi.

"Kai bawana, gaya min gaskiya. Ina kab bi da hatsinga yaj jiƙe?"

Ya ce ita ce dai baiwarsa, kuma da ba don shi ba da yunwa ta gama da Gobirawa. Sannan ya faɗa mata cewa can kudu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kwana huɗu suka yi a hanya da yagaggen tamfol, kayan da aka fara kawowa duk a jiƙe aka loda su. Ta ja shi har gaban Malam Kassimu ta sa ya maimaita.

Washegari Malam Kassimu ya sallame ta. Bai ce don ta yi magana ba ne. Cewa ya yi, gaban mata da 'yan dako, hannun da ke ruwa haka bai kamata ya taɓa abincin jama'a ba, ba a san abin da ke jikinta ba. Kafin la'asar maganar ta zaga kasuwa, kafin Juma'a ta samu suna. Wasu suka ce farkon kuturta ce. Wasu suka ce ta karɓi haihuwar da bai kamata ta karɓa ba, iska ta shafe ta.

Abin da ya biyo baya ba da faɗa aka yi shi ba, shi ya sa ya fi ciwo. Aka daina aiko mata in mace ta fara naƙuda. In ta shiga gidan biki sai a zuba mata nata a ƙoƙo daban, a ce wai don girmamawa. Yaran da ta yi wa wankan farko, iyayensu suka riƙa janye su in ta miƙa hannu. Habi tana ganin duk wannan, tana kuma ganin yadda Azumi ke mayar da martani. Ba ta taɓa rufe hannun da mayafi ba. In aka ba ta ƙoƙon daban sai ta juye shi cikin akushin jama'a ta sa hannu, wadda ta ga za ta iya ta ci, wadda ba ta iya ba ta tashi. Sau da yawa ita da Habi kaɗai ke saura a bakin akushin. Habi tana ci, amma Allah ya sani da fari zuciyarta ba a kwance take ba, kuma in ta koma gida takan wanke hannu fiye da yadda alwala ta nema.

Magani kuwa babu wanda Azumi ba ta gwada ba. Ta yi wanka da saɓara da ganyen bedi, wato darbejiya, ta shafa man kaɗe, ta sha rubutu, ta turara jikinta har idonta ya yi ja. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a kai ta wajen masu cire iska. Ta ce ita ta san inda ta ɗauko abinta, da ƙafarta ta shiga, da faifanta a hannu.

Ta hau motar kasuwa ta tafi asibiti a Isa, ta ɗauki Habi rakiya. Malamin asibitin ya duba, ya ba ta man ƙazuwa ko da ya ce bai yi kama da ita sosai ba. Azumi ta ce ba wannan ya kawo ta ba, so take ya gwada ta gwajin kutare. Ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa tabon da auduga da tsinin allura yana tambaya ko ta ji. Ko ina ya taɓa sai ta nuna wurin da yatsa kafin ya gama tambaya. Ya ce ba kuturta ba ce, amma gaskiya bai san sunan abin ba, ta dai nisanci duk abin da ta ga yana tayar mata da shi. A mota suna dawowa ta yi ta faɗa wa fasinjoji, waɗanda suka tambaya da waɗanda ba su tambaya ba.

"Kuturu jikinai mutuwa shi kai, ko wuta ba shi ji. Ni kau ƙuda in ya sauka bisa hannuna sai na san ƙahwa nawa gare shi."

Tunda likita bai san sunan ciwon ba, ita ta zauna ta karance shi da kanta. Ta lura bayan ta bar sito da wata biyu fatar ta lafa, sai tabo. Ta lura ranar da ta shiga tsohon rumbu ɗebo wa wata maƙwabciya dawa, kafin azahar ta kumbura. Da ruwa ya dawo shekara ta gaba, kowa yana murna, ita kuwa warin jiƙaƙƙen bunu na ɗakinta ya tayar mata da ciwon sabo. Ta sa aka yaye bunun aka yi mata sabon jinka, ta fitar da tabarma da tsummokaranta rana kullum, ta daina cin tuwon da ya kwana. Duk abin da ta gano sai ta zo ta faɗa wa Habi kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Ta kuma bi gida-gida tana gaya wa mata su wanke masarar agaji su shanya kafin su daka, su zubar da mai baƙi ko da yunwa na cin su. Wasu sun ji, ko da ba su bari ta taɓa turminsu ba.

Sana'ar dai ba ta dawo ba. Ta koma saƙar faifai da igiya tana kaiwa kasuwar Tsamaye, kabar tana ƙara tsaga mata yatsu. Amma duk gidan da aka haihu sai ta je barka, ko ba a gaya mata ba, ta zauna ta yi addu'a, ta duba cibin yaro daga nesa ta ce an bar shi da tsawo ko an matse ɗaurin. Ba ta taɓa cewa a ba ta ta riƙe ba. Ta ce ba za ta roƙi abin da a da ake roƙon ta ba.

Shekara biyu bayan sito, matar Halliru, Bilki, ta haihu. Fari ya kori iyayenta zuwa kudu, don haka a ɗakin Habi ta sauka, da hantsi, namiji. Halliru ya riga ya gaya wa uwarsa, cikin ladabi, kansa a ƙasa, cewa kada a kira Inna Azumi, ya yi magana da wata ungozoma daga wata unguwa. Habi ba ta iya musu da ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Aka kira waccan.

Washegari ɗakin ya cika da 'yan barka sai ga sallamar Azumi daga zaure. Damina ce, ciwon yana kan ganiyarsa, hannuwan sun yi jawur har damtse. Ta ci karo da Halliru a tsakar gida, ya durƙusa yana gaishe ta yana kallon gefe.

"Tashi, ɗan nema. Ɗaga rigarka ka dubi cibinka. Wa yay yanke shi? Ka taɓa jin ya yi maka ciwo?"

Ya ce a'a, Inna. Ta wuce shi ta shiga ɗaki. Mata suka matsa mata wuri fiye da yadda take bukata. Jaririn yana hannun Habi, yana ta tsala kuka tun safe, an rasa abin da ke damunsa.

Abin da Habi ta yi a ranar duk unguwa ta sani, don an daɗe ana zancensa. Ta miƙa wa Azumi yaron. Bilki ta ja numfashi, wata tsohuwa ta fara salati, yaron kuwa ya yi kukansa na ɗan lokaci sannan ya yi barci a kan tabon. Ba abin da ya fito masa, a makon nan ko bayansa. Daga baya mata biyu ko uku sun koma kiran Azumi, yawanci dai ba su koma ba, ciwon kuma bai rabu da ita ba har ta rasu, kowace damina sai ya zo. Amma ba a ƙara zuba mata abinci a ƙoƙo daban a unguwar ba.

Habi ba ta ɗaukar abin a matsayin jarumtakarta. Abin da ta riƙe shi ne yadda aka tambaye ta kafin ta miƙa yaron. Matar da muryarta ke tsallake katanga ta zauna gabanta, ta shimfiɗa hannuwan nan biyu a kan cinya, tafi a sama, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda sai na kusa suka ji.

"Habi, ban taɓa roƙon kowa wanga abu ba, ke ɗai za ni roƙo. Kin ci da ni, kin je Isa da ni, kin san abin da ni sani. Miƙo min angonki nan gabansu. Kuma kwance mai zanen, jikinai ni ka so bisa hannuna."