Malam Ɗakuna da Ganyen Lemo

Na daɗe ina shakkar ko mutum na iya koyar da abin da idonsa bai taɓa gani ba. Da na dawo daga karatu, shakkar nan ce ta kai ni ƙofar tsohon malaminmu na kimiyya.

Malam Ɗakuna muke ce masa. Kowace shekara sai ya ɗaga ganye a gaban aji ya ce, "Wannan gidan haya ne, ɗaki jikin ɗaki. Kowane ɗaki ƙwayar halitta ce, a ciki ake dafa abincin bishiya da hasken rana." Sai ya ɗauki rula ya zana ɗakunan a allo, reras kamar jerin bulo. Makarantar ba ta da madubin likita, na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani. Daga littafi ya kwafo, har ya yi ritaya.

Ya ba ni labari cewa autarsa ta samu aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti. Kullum sai ta ce ya zo ya ga ɗakunan a madubinsu, kullum ƙafa na masa ciwo. Ƙafar ƙalau take. Tsoro yake kada ya leƙa ya tarar ya cika kawunan yara da tatsuniya.

Ran nan dai ta tsinko ganyen lemon tsakar gida, ta tasa uban gaba har ɗakin gwajin. Ta ɗaye siririyar fatar bayan ganyen da reza, ta ɗora a gilashi, ta ɗiga ruwa, ta tura ƙarƙashin madubin.

Ya kafa ido. "Ga shi! Zagaye sumul, har da katanga!"

Ta leƙa, ta tuntsire da dariya. "Baba, kumfa ce fa."

"Ja'ira, to ina ɗakunan?"

"Murɗa nan a hankali. Ba famfo ba ne."

Ya murɗa. Hazo ya yaye, sai ga su cunkus, wannan ya karkace, wancan ya tokari maƙwabcinsa, tsakaninsu ƙananan bakuna da ganye ke shan iska da su. Babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya. Ya daɗe a sunkuye, har mai shara ta ce ya ɗaga ƙafa.

Da ya gama ba ni labari na ce, "Malam, zanen da muka yi ta kwafa fa, ƙarya ne ke nan?"

Ya ce, "Ɗakunan na nan, ɗana. Rular ce tawa."