Sakisofon a Ƙarƙashin Gadona

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa a Kurmin Mashi. Dattijo ne, mutumin kudancin Kaduna, mai busa sakisofon, wannan lanƙwasasshen ƙaho mai ruwan zinariya. Shi da abokan kiɗansa na jaz, duk garin nan ana ji da su. Kullum da yamma yakan zauna gindin mangwaro ya yi ta busa, amma da ladan ya ɗaga murya sai ya tsaya cak. Nakan tsokane shi in ce, "Baba, ka hana kajina yin ƙwai." Shi kuwa ya ce kajin sun fi ni kunne.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, likita ya hana shi busa. Baba kuwa ba ya jin bari. Wata safiya matarsa ta miƙo mini jakar ƙahon ta saman katanga.

"Don Allah ɗana, ɓoye mini wannan. Na ce masa an kai gyara Mando."

Na karɓa na tura ƙarƙashin gado. A ganina taimako nake yi.

Duk ranar da na shiga duba shi, bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, in ka bi ta Mando, leƙa mini mai gyaran nan." Ni kuma in ce to, in sha Allahu. Har da sunan Allah nake sawa a ciki, alhali tsakaninsa da abinsa bai wuce kaurin bulo ba. Wata rana ya riƙe hannuna ya ce shi ba biki zai je ba, sau ɗaya kawai yake so ya busa. Na sunkuyar da kai na ce ya bari ya ji sauƙi tukuna.

Bai ji sauƙin ba. Ranar jana'izarsa coci ya cika ya batse, har direbobi da masu shayin unguwa sun tsaya a waje. Kowa na faɗin yadda Baba ya kyautata masa, ni kuwa kunya ta rufe ni. Abin yana cina har yau.

Bayan an watse na mayar da jakar. Matarsa ta karɓa, ta nuna mini wani kofi a gefen gadonsa. A ciki akwai ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin sakisofon, wanda sai an jiƙa shi kafin a busa.

"Kullum da safe sai ya sa na canza masa ruwan," in ji ta. "Wai ko yau maƙwabcinmu zai kawo."