Ranar da Mai Haraji Ya Sa Aka Yaye Ni

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman almakashi alhali yana hannuna, ranar da ma'aikacin haraji ya shigo shagonmu a Yendi ba za ta fita daga raina ba. Ranar na yi dariya, na yi kuka, kuma na koma gida da kaina fari fat.

Ni tela ce. Tun ina budurwa aka kai ni koyon ɗinki wurin wata Hajiya a zango, unguwarmu ta Hausawa, ita ce uwar ɗakina. A al'adarmu ta teloli, idan yarinya ta ƙware sai a yi mata yaye, wanda a nan muke cewa firidom. A sayo lemo da goro, malam ya yi addu'a, uwar ɗaki ta miƙa mata almakashi a gaban jama'a, ƙawaye su zazzage mata hoda a ka. Daga ranar ta zama mai cin gashin kanta. To ni lokacin nawa yayen sai rasuwa ta faɗo a gidanmu, aka ɗaga. Daga nan aure, daga nan haihuwa, magana ta bi ruwa. Ni ban tambaya ba don kunya, ita kuma ba ta tayar ba. Na ci gaba da zama a lungun shagonta da kekena, ina ɗinka wa mutanena, har 'ya'yana suka shiga makaranta.

Aiki kuwa Allah ya sa masa albarka. Daga Bawku ana aiko mini da atamfar biki a mota, sannan wata makaranta a Salaga ta ce za ta ba ni ɗinkin yunifom na ɗalibanta. Amma sun ce sai na kawo lambar haraji. Na je ofis, suka tambaye ni ko ma'aikaciyar wani ce ni ko kuwa zaman kaina nake. Na tsaya ina ta kame-kame, sai suka ce za su turo mutum ya ga yadda muke aiki.

Da hantsi ya iso a kan babur, wani dogon saurayi ɗan Bawku, riga fara tas an goge ta. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa, amma akwai ladabi. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, tana zaune a kan kujerarta tana cire zare a wani zani, sannan ya juyo kaina.

"Sista, wannan keke na wa ne?"

Keken nan mijina ne ya saya mini, kowa ya sani. Amma ta yaya zan buɗe baki a gaban matar da ta koya mini riƙe allura in ce "nawa ne"? Na ce, "Na Hajiya ne."

"Wa yake faɗa lokaci da za ka zo da lokaci da za ka tashi?"

"Hajiya."

"Wa yake yanke kuɗin ɗinki? In kaya ya lalace, wa yake biya?"

"Hajiya. Duk Hajiya ce. Ni yarinyarta ce."

Wallahi har wani daɗi nake ji, ina ganin na fita kunyar uwar ɗakina. Shi kuwa ya gyaɗa kai ya ce to magana ta fito, ni ma'aikaciya ce. Ya yi bayani a natse. Tunda haka ne, Hajiya za ta je ofis ta yi rajista a matsayin mai ɗaukar ma'aikata, ta riƙa cire haraji daga albashina duk wata, ta riƙa zuba mini kuɗin fansho, kuma za a tambaye ta dalilin da ba ta yi haka ba duk shekarun nan.

Albashi? Matar da idonta ya yi rauni har ni nake zura mata zare a allura, wadda rabonta da ɗinka riga cikakkiya an daɗe, ita za a ja zuwa ofis ana yi mata tambayoyi kamar ta yi sata? Kuma da bakina na jawo mata. Gyaran abu ɗaya ne, in ce ba a ƙarƙashinta nake ba. Amma ina! A wurinmu wadda ba a yaye ba in ta faɗi haka, ta yi butulci, kuma har ta mutu da wannan sunan za a san ta a zango.

Sai Hajiya ta ajiye zanin nan ta ce, "Ɗana, goge abin da ka rubuta. Ƙarya take yi maka!"

Na ce, "Haba Mma!"

"Rufe mini baki. Keken nan nata ne. Lokaci kuwa, wannan ce zan sa wa lokaci? Sai rana ta take take shigowa tana taunar goro. Kuɗin ɗinkinta ban san shi ba, mutanenta ita suke nema a waya. Kwanaki ta ƙone gyalen wata amarya da dutsen guga, ita ta biya, ni dariya kawai na yi. Albashi kuma, ai ita ce take saya mini koko da ƙosai kullum. In akwai mai ɗaukar wani aiki a shagon nan, to ita ta ɗauke ni."

Saurayin nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Maƙwabciyarmu mai waken shinkafa, wadda ta leƙo jin gulma, ita ma ta fashe. Da ya natsa sai ya ce, "To Mma, don me shi yake cewa shi yarinyarka ne?"

Hajiya ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ban yaye ta ba."

Ya ce ya gane, domin yayarsa ma tela ce a Bawku. Amma ya ce doka ba ruwanta da yaye. Abin da take dubawa shi ne mai kayan aiki, mai tsara lokaci, mai neman masu kawo ɗinki, da wanda asara take hawa kansa. A haka ni tuni mai zaman kanta ce, ni zan riƙa biyan harajina da kaina, Hajiya babu abin da ya shafe ta. Na sauke ajiyar zuciya, amma na ce masa ya yi haƙuri, ba zan karɓi wannan suna daga hannun gwamnati ba alhali uwar ɗakina ba ta ba ni ba.

Hajiya ta miƙe tsaye, ta ce wa maƙwabciya, "Kira mana malam. Ki biya ki taho da lemo da goro da hoda. Kai kuma ɗana, zauna, kai ne shaida."

Kafin azahar shago ya cika da teloli 'yan'uwana. Malam ya yi addu'a. Hajiya ta ɗauko tsohon almakashinta mai baƙin hannu, wanda ko taɓa shi ba ta bari a yi, ta ɗora mini a tafin hannu. Aka rangaɗa guɗa, hoda ta tashi ta ko'ina. Ni mai 'ya'ya uku ana zazzage mini hoda kamar 'yar yarinya! Mai haraji ma bai tsira ba, suka bi shi har bakin babur, ya tafi ofis da gira fara.

Cikin hayaniyar nan Hajiya ta jawo ni ta raɗa mini a kunne, "Ba mantawa na yi ba. Duk wadda na yaye ta ɗauki kekenta ta tafi. Tsoro na ji in wayi gari ni kaɗai a shagon nan."

Nan kuka ya ƙwace mini, hawaye ya bi ta cikin hoda.

Na samu lambata, na ɗinka yunifom ɗin Salaga, kuma har yau ni nake biyan harajina. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ladabin da za a yi da ƙarya yana iya cutar da wanda ake girmamawa, kuma zaman kai bai hana zama tare. Washegari na shigo shago da koko da ƙosai kamar kullum. Hajiya ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce, "Yau ma kin makara," sannan ta miƙo mini allura in zura mata zare.