Kawu Sule da Iskarsa Mai Hargitsi

Duk wanda ya san Kawu Sule ya san ba ya shiga gida kai tsaye. Sai ya tsaya a bakin zaure, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce, "Yau ta Kabuga ta biyo, kuma a fusace take." Iska fa yake nufi, jama'a!

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi. Injiniya ne, yana koyarwa a jami'a, aikinsa sa kwamfuta ta lissafa yadda iska ke ratsa gini. To kafin ta fara lissafi, dole ka ba ta iskar da za ta shigo ta ƙofa. Nan Kawu ya kafe: iskar Allah ba ta shigowa sumul, sai da murɗiya da juyi, kuma duk wanda ya ba kwamfuta iska mai ladabi, ƙarya za ta yi masa.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, wani ɗalibinsa ya zo gida yana washe baki, wai ya watsa lambobi barkatai a ƙofar ginin da ke cikin kwamfuta, hargitsi ya samu. Kawu ya leƙa allo.

"Ina iskar taka?"

"Ta lafa tun ba ta kai tsakiya ba, Malam."

"Ai dole! Wannan ihun 'yan kamfen ne, ba wanda ya san na kusa da shi. Hargitsin gaske yana da dangi: babbar guguwa ta haifi ƙarama, ƙarama ta haifo mata jika. Je ka nemo mai asali!"

Don ya ga dangin nan da idonsa, sai ya kinkimo kaskon turaren matarsa, Inna Hajara, ya ajiye a zaure yana kallon yadda hayaƙi ke nannaɗewa.

"Malam, turaren ɗakina ne fa, daga kasuwar Kurmi na sayo!"

"Hajiya, ilimi ake yi."

"To ilimin ya sayo nasa!"

Lungunmu ya yi ta ƙamshi har liman ya tare shi ya ce, "Injiniya, biki ake ba gayyata?"

Tattali kuwa, kai! Ganyen shayi ba ya zubarwa sai ya yi fari. Haka ya yi wa iska: wadda ta fita ta bayan lissafin, sai ya kwaso ta ya mayar ƙofar gaba. Na ce, "Kawu, har iska ma sai an maimaita?"

"Ta riga ta koyi hargitsi, in zubar in ɗauko sabuwa? Almubazzari!"

Da za a gyara masallacin unguwa, mutane na narkewa a ciki lokacin zafi, ya hana a fasa tagogi sai kwamfutarsa ta gama. Ana dab da gamawa aka ɗauke wuta. Dattawa suka fusata, magini ya ce zai tafi. Kawu ya jawo tabarma ya zauna a gindin bangon, ya ce sai dai a fasa da shi. Haka aka haƙura har ya kawo zanensa, taga ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kamar masu gaba da juna. An yi masa dariya ba kaɗan ba.

Yanzu kuwa in rana ta take, a sahun masallacin nan har gyangyaɗi ake yi. Jiya ina zaune bayan azahar, sanyi na shafa mini ƙeya, sai na ji idona ya cika. Allah Ya jiƙan Kawu Sule, Ya yalwata masa kabari, Ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya mana wurin sujada. Amin.