Minti Ɗayan Auta a Kan Ƙanƙara

Har yanzu ina ajiye da rigar sanyin nan ruwan toka da na saya a Al Sabkha a tsakiyar zafi. Mai shagon sai da ya tambaye ni ko Rasha zan tafi. Na ce masa a'a, a nan Dubai zan sa ta. Ya dube ni, ya dubi ranar da ke neman narkar da kwalta a waje, ya naɗe mini ita.

A shekarar 2017 ne. Ina aiki a wani ofishin kago, wato na jigilar kaya, a unguwar Al Khabaisi, ina cike takardun kwantenar 'yan kasuwar Kano. Na taso da karatun littattafan soyayya da muke haya a bakin kasuwa, saboda haka zuciyata kullum a shirye take, jira kawai take yi. A wani ƙaramin asibiti na haɗu da ita, ranar da na je cire haƙori. Ma'aikaciyar jinya ce, iyayenta 'yan Zariya, amma a unguwar Deira ta Dubai ta girma. Ta miƙo mini auduga, na kalli idanunta, na manta da haƙorin.

Da na samu izinin zuwa gaishe ta a gida, sai ta ce ban da ranar Juma'a, domin bayan la'asar takan raka autansu wasa.

"Wane wasa, ranki ya daɗe?"

"Hoki na ƙanƙara."

"A wannan garin?"

"Malam, ka nemi rigar sanyi kawai."

Tun Auta yana ƙarami mahaifinsu kan bar shi a filin ƙanƙara na wani babban kanti idan sun je sayayya, shi ke nan ƙafarsa ta saba. Lokacin da na san shi shekarunsa goma sha tara, ɗan wasan gaba ne, siriri mai kunya. Wata ƙungiya ta masu yin wasan don sha'awa, yawancinsu Turawa da Larabawa, ta ɗauke shi gwaji. Kocinsu, wani dattijon Bature mai furfura, ya ce bayan wasa huɗu zai manna jerin sunayen waɗanda za su zauna a ƙungiyar a kakar wasan. Masu neman gurbin gaba sun fi guraben yawa. Duk gidan ba su da zance sai na wannan takarda.

Ranar farko na shiga filin kamar wanda aka jefa cikin mafarki. Ƙasa fara sol, iska tana cizon kunne, mutane suna sulɓi a kan takalma masu wuƙa a ƙasa, suna korar wata 'yar baƙar roba da sanduna. Ita kuma yayar Auta tana zaune kusa da ni, tsakaninmu kujera ɗaya, numfashinta yana fita kamar hayaƙin turaren wuta. A nan na ƙudura cewa sai na yi wa ƙaninta abin da zai sa ta tuna da ni.

Juma'a ta biyu na zo da jama'a. Na kawo abokan aikina uku, da wani Alhaji ɗan kasuwar yadi da nake yi wa takardun kaya, mutum mai faɗin kafaɗa da son dambe. Ya zo da babbar riga, ya ɗora bargon otal a kai. Da Auta ya shigo, Alhaji ya miƙe ya fara yi masa kirari kamar a filin dambe, mu kuma muna amsawa. Turawa suna waiwayowa suna murmushi.

Ko minti ɗaya bai cika ba sai muka ga Auta ya juya, ya haura katangar gefe, ya zauna a benci. Wani ya shiga a madadinsa.

"Me ya yi?" in ji Alhaji. "Yaro ko gumi bai yi ba."

"Alhaji, wa ke gumi a kan ƙanƙara?" wani abokin aikina ya ce.

"Kai rufe mana baki, kai da ke rawar ɗari tun a mota," in ji Alhaji.

Ya sake shiga, aka sake fitar da shi. Har sau goma ko fiye. Mu mutanen ƙwallon ƙafa ne. A wajenmu idan koci ya cire ɗan gaba da wuri, to ko ya kasa ne ko ba a son sa. Ba mu lura cewa kowa ma haka ake yi masa ba, domin duk sun sa hular kwano sun zama iri ɗaya, idonmu kuma a kan mutum ɗaya yake. Ta juyo ta ce mini, "Haka wasan yake, Malam. Gudun yana cin ƙafa, kowa minti ɗaya yake yi ya huta." Na gyaɗa kai. Gaskiya ita ce ina kallon yadda sanyi ya sa ta ja mayafi har kan hanci, maganar ta wuce ta gefen kunnena.

Alhaji ya yanke cewa a je a ga koci kamar yadda ake yi a gida. Ya saka sabuwar shadda, muka ɗauki kwalbar turare mai kyau da kwalin dabino, ni ne tafinta. Ban gaya mata ba, ina so ta ji labari daga baya ta yi mamaki. Dattijon ya karɓe mu da fara'a, ya ci dabino ɗaya, ya ce yaron yana da ƙafa da ido, kuma abin da ya fi so a wajensa shi ne yana sanin lokacin fita. Na fassara. Da muka fito Alhaji ya ce, "Ka ji ko? Maganar manya ce, ya ƙi ke nan. Khalas, magana ta ƙare, mu za mu tsaya wa yaronmu."

A wasa na huɗu muka cika layi biyu na kujeru. Duk lokacin da Auta ya nufi benci sai mu ɗauka gaba ɗaya, "Zauna, Auta, kada ka fita, saura kaɗan ka ci." Sau biyu ya yi kamar bai ji ba. A na uku, ana kusa da tashi, ƙungiyoyin suna kunnen doki, ya kai bakin katanga, ya ɗago kai ya dube mu, sai ya juya ya koma. Muka yi ta tafi. Ya kori robar har gaban raga, ya buga, mai tsaron gida ya tare. Aka juyo da gudu. Na ga ƙafafunsa sun yi nauyi kamar wanda ke tafiya cikin taɓo. Mutumin da ya kamata ya tare ya wuce shi fit, aka zura a ragar su Auta.

Bayan kwana biyu aka manna takarda a jikin allo kusa da ɗakin sauya kaya. Muka je mu uku, ni da ita da Auta. Ta bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama. Babu shi.

Muka shiga mota muka nufi gida. Sai Auta ya ce daga kujerar baya, a hankali, "Yaya, muryarka na fi ji. Na ji kunyar in fita kana kallo."

Ita ba ta yi faɗa ba. Da za ta sauka ta ce, "Na gaya maka tun ranar, Malam. Ina kake lokacin?" Ban iya ce mata ina wajen mayafinta ba.

Na koma wajen dattijon ni kaɗai, hannu wofi. Na ce laifinmu ne, ba na yaron ba. Ya ce ya sani, amma takarda ta riga ta hau allo. Ya yarda Auta ya ci gaba da zuwa atisaye har kaka mai zuwa. Da zan tafi ya ce idan ina son in taimaka, in koyi yin tafi lokacin da yaron ke fitowa.

Shekara guda ina tasowa daga ɗakina a Dubai Investments Park, in ɗauki Auta in kai shi atisaye, in zauna a kujerun da babu kowa da agogo a hannu. Watannin farko ba ta zuwa idan ta san ina nan. Daga baya ta fara zuwa ta zauna can ƙarshen layi. Wata rana ta aiko mini da shayi a fulas ta hannun Auta, ba saƙo, ba komai. Na sha shi kamar wanda aka ba wasiƙa mai shafi goma.

Da kaka ta zagayo, Alhaji ya dawo sayen kaya, na zaunar da shi na yi masa bayani. Ya ce shi dama tun farko ya so ya gane. A wasannin gwaji ya zo da bargonsa da agogonsa, da Auta ya ɗan jima sai ka ji shi yana cewa, "Yalla habibi, ya isa haka, fito ka huta." Auta ya haura katanga, mu tashi mu yi ta tafi kamar an ci. Turawa suka sake waiwayowa.

Ranar takarda ta ce ita ba za ta iya dubawa ba, in duba. Na fara daga sama. Sunansa ne na ƙarshe a jerin 'yan gaba, can ƙasa kusa da inda aka manna salatif. Na ɗora yatsa a kai na ƙi ɗagawa, har ta matso ta karanta da kanta. Ta yi dariya, idonta ya cika da ruwa, ta ce, "To Malam, cire hannun, kada ka goge mana shi."

Kaka biyu muka yi muna tafa wa fitowarsa, kafin annoba ta rufe filin. A 2021 na dawo gida Kano, tare da ita a matsayin matata. Rigar tana cikin akwati, ta yi wa sanyin Kano nauyi. Idan ta ce a bayar da ita sai in ce a bari tukuna.