Zuwa Duba Filin Maƙabartarmu

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga Laurel, ni da wani likita maƙwabcina, muka biya Landover muka ɗauki na ukunmu, dattijo direban tasi mutumin Tawa. Ƙungiyarmu ta Hausawan wannan yanki na Amurka ce ta aike mu mu je mu gano filin da za a saya a yi mana maƙabarta, can wajen ƙauyukan da ke bayan Frederick.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: shekaru muna tara gudummawa, har aka zo kan tambayar abin da za a yi da ita. Wasu suka ce fili, mu ma mu samu inda za mu riƙa binne namu ba sai mun roƙi alfarma a wurin wasu ba. Wasu suka ce gini, a buɗe wa yara Islamiyya tun ba su gama ɓace mana ba. Aka sa ranar ƙuri'a, sai a daren jajibirinta dusar ƙanƙara ta sauko. Waɗanda ke nesa da yawa ba su iya fitowa ba. Masu fili suka ci, da tazarar da ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba. Tun ranar ake rigima: a sake ƙuri'a ko kada a sake. Likita ne kan gaba wajen cewa a sake. Dattijo kuwa ya rantse in aka sake ya bar ƙungiya. Ni na zaɓi fili, amma ba na ɗaga murya, shi ya sa aka ba ni tuƙi.

Babban titin da ya zagaye Washington, wanda a ranar aiki yake cinye wa mutum rabin safiya, yau fayau yake. Mun tsaya a wani gidan mai bayan Rockville. Mai ya ɗan fi na unguwarmu tsada, shayinsu kuma ruwan zafi ne da aka nuna wa ganyen shayi daga nesa. Allah ya taimake mu uwargidan dattijo ta ƙunso mana dambun zogale da ƙuli. A nan ne kawai na ga mutanen biyu sun sa hannu a kwano ɗaya.

Muna komawa mota aka fara. Likita ya ce, "Alhaji, ranar nan ina asibiti, an hana mu fita. Iyalai nawa ne suka maƙale a Virginia? Wannan ba ra'ayin jama'a ba ne, ra'ayin waɗanda gidansu ke kusa ne."

Dattijo ya ce, "Lokotoro, mu ma cikin ƙanƙarar nan munka taka da ƙafa munka zo. In an sake kun ci da mutum biyu, mi za ku ce in mun ce a yi na uku?"

Abin da ya dame ni shi ne duk wanda ya yi magana sai in ji shi ne mai gaskiya. Likita yana da ɗa ɗan shekara goma sha wani abu da ba ya iya kawo Fatiha ba gargada. Dattijo kuma bara ya wanke ƙaninsa da hannunsa, gawar ta yi kwanaki a firijin asibiti ana neman wurin sa ta. Na ci gaba da tuƙi.

Bayan Frederick gari ya ƙare, sai gonaki. Shanu manya-manya baƙaƙe, babu mai kiwo ko ɗaya, waya ce ke tsare da su. Rumbunan ajiyarsu dogaye kamar hasumiya. Muka bar kwalta muka bi wata 'yar hanyar tsakuwa har gidan mai filin, wata tsohuwa Baturiya da ke fitowa da sanda da kare.

Ta kai mu har wurin. Tudu ne mai ɗan gangara, ƙasa ja mai laushi irin wadda ba ta wahalar da mai haƙa, da itatuwa a gefe ɗaya. Dattijo ya durƙusa ya damƙi ƙasar yana murzawa. Likita da kansa ya fito da waya yana neman alƙibla, ya ce a hankali, "Wallahi wurin ya yi." Har na fara sa rai.

Sai tsohuwar ta ce ta ɗauka an gaya mana. Ta ce wani daga cikinmu ya buga mata ya ce an gama magana, wani kuma ya bugo ya ce ta dakata za a sake zaɓe, haka ta yi ta jira har sanyi ya wuce. Ita kuma 'yarta na jiranta ta koma kusa da ita. Makon jiya ta sa hannu ta sayar wa wani mai gina gidaje. Ta ba mu haƙuri sosai, har da kwalbar zuma.

Muka koma mota muka hau kwalta. Da azahar muka ratse wani wurin hutawar matafiya muka shimfiɗa dardumai a ciyawa. Dattijo ne babba, likita ne ya fi mu karatu, amma kowannensu ya ja baya yana tura ni gaba. Na gane ba girmama ni suke yi ba. A cikinsu babu mai son bin ɗan'uwansa. Ban taɓa jan sallar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Kafin mu kai College Park labari ya riga mu isa. Wayoyinsu suka yi ta ƙara. Masu fili na cewa masu neman a sake ne suka jawo. Su kuma na cewa ai yanzu dole a sake, tunda abin da aka zaɓa babu shi. Wani har yana tambaya ko a raba gudummawar kowa ya kama gabansa. Dattijo ya sauka a Landover, ya yi mini sallama, bai dubi kujerar baya inda likita yake ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. Mun iya jefa ƙuri'a, amma ba mu taɓa zama tun farko mun ce in ta zo kusa da kusa ga abin da za mu yi ba, kuma yanzu duk dokar da wani ya kawo sai a ce don ɓangarensa ya kawo ta. Ko an sake, ko ba a sake ba, rabinmu za su tashi suna ganin an cuce su.

Na iso gida gab da la'asar. Maiɗakina ta karɓi zumar, ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "To Malam, yanzu in ta Allah ta kasance, ina za a kai mu?"

Na ce mata ban sani ba.