Mai Murɗa Farfela

A fegin bayan Diffa, inda ƙaramin jirgin sama ya sauka da hantsi, wani dattijo yana tsaye gaban farfela, hannuwansa a baya. Kalli ake kiransa. Tsagar Barebari ce a kumatunsa, tsohuwar rigar soja a jikinsa, hannunsa na dama kuwa yatsu uku ne. Wataƙila wata farfelar ce ta cinye biyun, can inda ya yi soja ya koyi inji.

Jirgin ba ya tashi sai an murɗa masa farfela da hannu, kuma duk kwarin Komadugu Kalli kaɗai ya iya. Matuƙin, wani Bature mai zafin kai, ya yi wa kumandan da ke mulkin garin alkawarin zai yi alkafura da jirgin a sama. Manoma har sun bar shanyar tattasai sun zo kallo.

"Murɗa, tsoho," in ji Baturen.

Kalli ko gezau. Yana ƙwanƙwasa fiffiken da yatsa.

"Mushe," in ji Kalli, yadda suke kiran Bature a nan, "wannan jirgin na koyo ne, katako ne da ƙyalle. Ya tashi, ya zaga, ya sauka, iyakarsa ke nan. Ka kifa shi, fiffike ya rabu da kai."

"Zan sa a kore ka."

"A kora."

Kalli ya zauna ya jingina da taya, ya miƙe ƙafafu.

"Na taɓa tsintar matuƙi a gonar mutane, guntu-guntu, na zuba a buhu. Ba ni da wani buhun, Mushe."